Ranar da Na Ƙone Tsoho Mai Garkuwa

Jama'a ku matso kusa, yau ba da labarin dariya na zo ba, ko da yake na san wasunku sai sun dara. Na kashe mutum ranar Asabar. Kafin wata ta yar da waya ta hau salati, mutumin na roba ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Amma tun ranar abinci ya daina yi min daɗi, kuma mai shi ya daina turo min saƙonnin da ya saba.

Bari in fara muku daga teburin. Duk Asabar da yamma muna haɗuwa a gidan Yayana, a ɗakin cin abincinsu, a kwashe kwanuka a shimfiɗa taswira mai gida-gida. Yaya ne mai jan labari. Yana zama bayan wani kwali da ya tsayar don kar mu leƙa takardunsa, ya canza murya ya ce ga ku a bakin kogo, ga dodo ya fito, me za ku yi? Kowa da jaruminsa, ɗan mutum-mutumin roba a kan taswirar. Sai ka faɗi abin da kake son yi, ka jefa 'ya'yan ludo, su za su yanke ko ka dace ko ka kwana ciki. Anti, matar Yaya, maharbiya ce. Dogo, abokin Yaya tun suna makaranta, mai takobi ne. Ni kuwa, Auta, ni ce Uwar Tartsatsi, mai sihirin wuta.

Kada ku ce wasan yara ne, na ji wannan a bakin Gwaggo har na haddace. Ni a teburin karɓar koke nake aiki a wani kamfanin waya. Daga safe har yamma bakina bai san komai ba sai "yi haƙuri ranka ya daɗe, za a duba." In na dawo gida kuma Umma da Gwaggo su tare ni da lissafin shekaruna da na ƙawayena da suka haihu. Asabar ce kaɗai ranar da ba na ba kowa haƙuri. Ranar in abu ya ɓata min rai, ƙone shi nake yi.

Babban makamina sunansa Ruwan Wuta. Sau ɗaya ake yinsa a yini na cikin labari. Akwai wani jan zare da Yaya ya yanka daidai awo. Sai ki danne kansa ɗaya a inda kike son wutar ta faɗo, ki zagaya da ɗayan, duk wanda zaren ya taɓa ya sha, maƙiyi ne ko naku. Daga nan ki cika tafin hannu da 'ya'yan ludo takwas ki watsa. Wata da watanni muna musu da Dogo a kan sihirin nan. Shi cewa yake ƙara ce kawai da hayaƙi, abu sau ɗaya a yini, kuma rabin maƙiyan kaucewa suke su tsira da ɗan babbakar gashi, alhali takobinsa ba ya gajiya. Ni kuma in ce ya jira ranar da aka taru mana a wuri ɗaya, zai gane ko wace ce uwar gidan. Gaskiyar magana, sau da yawa shi ke da gaskiya, don hannuna bai iya jifa ba.

Teburin Yaya yana da dokoki, kuma ba ya wasa da su. Wanda ya auna shi ke faɗin waɗanda ke cikin zare, an yarda da shi, ba mai bin sawunsa. In 'ya'yan ludo suka bar hannu, babu janyewa. Jarumin da ya mutu kuma ya mutu, mai shi ba zai sake zama a teburin ba sai an gama labarin gaba ɗaya, ga labarin Yaya ba ya ƙarewa da wuri. Wanda muke ciki ya doshi shekara, ko rabi ba mu yi ba.

To sai ga Mai Tabarau.

Ɗan aminin Baba ne da ake so in aura, yana aiki a shagon tabarau, shi ke auna wa mutane gilashi ya gyara musu firam. Kullum cikin riga mai dogon hannu a goge, da ɗan ƙyallen goge gilashi a aljihu. Ba shi da makusa, wallahi, sai abu ɗaya da ba laifinsa ba ne: yana da in'ina, mai nauyi. In ya zo wurina a falo, gaisuwa kawai sai ta ci mana lokaci, ya yi ta murza gefen kujera, jijiyar wuyansa ta miƙe, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Sai ya koma gida ya turo min saƙo zuƙeƙe, mai daɗi, mai ban dariya, har in riƙa tambayar kaina anya mutum ɗaya ne da wanda ya zauna ɗazu.

Wata Asabar na shiga gidan Yaya na tarar da shi zaune a teburinmu da ɗan mutum-mutuminsa, wani tsoho mai ƙaton tumbi da garkuwa. Raina ya ɗan sosu, amma na danne. Da aka zo kansa, sai ya gyara zama, ya shaƙe murya irin ta tsofaffi, ya buɗe baki. Jama'a, magana ta zubo kamar an kunce famfo. Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Tsoho Mai Garkuwa ya yi ta zuba, yana ƙorafin gwiwarsa, yana tsokanar Dogo cewa takobinsa ko albasa ba ta yankawa, ni kuma yana kirana 'yar nan. Anti ta yi dariya har ta sarƙe da shayi. Shi kansa bai san dalili ba. Daga baya ya rubuto min cewa in ya ari muryar wani, harshensa mantawa yake da shi.

Tun daga ranar a teburin nan muke hirarmu ta gaskiya. Tsoho ya tambayi Uwar Tartsatsi me ya sa take fushi da duniya, ta ba shi amsa, kuma ni na san amsar ba ta roba ba ce. In an kawo mana hari shi ke shiga gabana da garkuwa yana mita. Na fara zaɓen mayafin da zan sa tun ranar Alhamis. Ban faɗa wa kowa ba, har ku ma sai yau.

Ranar Asabar ɗin nan da safe ina guga a tsakar ɗakin Umma, doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, Gwaggo na kan gado tana yanke farce. Ta ce Baba na jiran amsata a kan yaron nan, kuma ita ba ta ga abin jira ba tunda magana ta riga ta nuna. Na ce wa ya ce ta nuna. Ta yi 'yar dariyar nan tata ta ce ai duk sati Yaya na kiran Umma ya ba ta rahoton yadda muke dariya a wurin wasan yaranmu, kuma da ma su suka ce ya gayyace shi, tunda falo ya gagara.

Na kalli Umma. Ta ƙi ɗago kai, ta ci gaba da ninke kaya.

Wani baƙin ciki ya turnuƙe ni har na kusa ƙona rigar. Ashe ɗakin da nake gudu in ɓuya shi ma an mai da shi falo. Ashe dariyata ma ana kai ta gida a auna. Ban tsaya na tambayi kaina ko shi Mai Tabarau ya san da shirin ba. Da yamma na saka rigar, na yafa mayafi baƙi a maimakon wanda na ware, na fita ko sallama ta kirki ban yi ba.

A cikin labari ranar muna gudu ne daga wani tsohon kurkuku a ƙarƙashin dutse. Rundunar ƙwarangwal ta biyo mu, da shugabansu mai kambin ƙarfe, duk sun cunkushe a wani siririn lungu. Tsoho Mai Garkuwa ya tsaya a bakin lungun ya tare su shi kaɗai don mu samu mu haye gada. Ya sha sara, ƙarfinsa saura kaɗan, kowa ya sani don a gabanmu ya rage makinsa. Yana tsaye yana ce musu su zo ɗaya bayan ɗaya, shi tsoho ne, ba ya son turereniya. Yaya ya yi dariya, ya ɗan saci kallona, ya saci kallonsa. Wannan kallon ne ya ƙarasa ni.

Na ce zan yi Ruwan Wuta.

Dogo ya ce to ga ranar da ake ta yi mana alkawari. Na ɗauki jan zaren na sunkuya kan taswira. Ku saurare ni da kyau a nan, don a nan zunubin yake. Da na danne zaren gida ɗaya can baya, da ƙwarangwal biyu sun tsira, Tsoho ma ya tsira. Na gani. Na gwada wurin da yatsana ma. Sai na matso da shi gaba, na zagaya, na ga zaren ya hau kan ƙafar Tsoho, ƙiri-ƙiri. Yaya na bayan kwalinsa yana duba takarda, Anti ta tashi ɗauko biskit.

"Akwai namu a ciki?" in ji Yaya, bai ɗago ba.

"Babu," na ce, na watsa.

Na sha gaya wa kaina tun ranar cewa so na yi kawai in ɗan babbake shi, tunda hannuna bai saba jifa mai kyau ba. Ƙarya nake. Na san abin da ya rage masa ko jifar banza ta isa. Amma kuma jifar da ta fito ban taɓa yin irinta ba: shida, shida, biyar, shida, sai ka ce ɗora su aka yi da hannu. Dogo ya miƙe tsaye yana riƙe da kai. Yaya ya shiga kwashe ƙwarangwal daga taswira, har mai kambin bai tsira ba, ya ce lungun ya zama tanderu, dutse na narkewa. Dogo ya sara min ya ce ya janye duk abin da ya taɓa faɗa, takobinsa sai ya yi wata bai yi wannan aikin ba. Na ci musun da na daɗe ina nema. Sai idonsa ya sauka kan zaren da na bari a shimfiɗe, ya ce a'a, ku tsaya, wannan ba ƙafar Tsoho ba ce?

Na dafe ƙirji na ce wayyo, ban lura ba. Har da zaro ido, jama'a. Ashe na iya.

Yaya ya leƙo ya daɗe yana kallo. Na ga yana neman hanya, amma dokarsa ce, shi ya kafa ta, kuma a labarin da ya gabata ya kashe wa matarsa jaruma a kanta har aka kwana biyu ba a ga maciji. Ya sa Mai Tabarau ya jefa na kaucewa. Ya jefa, ya dace ma, amma ko rabin wutar ya fi abin da ya rage masa. Yaya ya yi ƙasa da murya ya ce Tsoho Mai Garkuwa ya faɗi, kuma kamar yadda aka saba, mai mutuwa yana da maganar ƙarshe.

Duk muka juya muna kallonsa. Ya gyara zama yadda ya saba, ya shaƙe murya, ya buɗe baki.

"'Ya... 'ya... 'y..."

Ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, hannunsa ya kama gefen tebur. 'Yar nan yake son cewa, na sani. Tun da ya fara zama a teburin ban taɓa jin harshensa ya maƙale ba sai ranar. Can ya yi murmushi ya girgiza kai, ya ɗauki ɗan tsohonsa ya goge shi da ƙyallen gilashi ya sa a aljihu. Da Dogo ya fara cewa ai sakaci ne irin na masu wuta, shi ne ma ya tare min, da ƙyar, kalma na jan kalma, ya ce daidai na yi, na ceci mutum uku. Ya zauna har aka tashi, yana miƙa wa mutane 'ya'yan ludo, ba mai cewa da shi komai don babu abin da zai yi a labarin.

Na samu ɗakin ɓuyana ya dawo, ko ba haka nake so ba? Wallahi ko daɗin minti ɗaya ban ji ba.

Lahadi babu saƙo. Litinin babu. Mutumin da in na tashi aiki nake tarar da labarin abokan cinikinsa a wayata, tsohuwar da ta zo neman tabarau alhali yana kan goshinta, yanzu ko gaisuwa. Na yi ta buɗe waya ina rufewa har abokiyar aikina ta tambaye ni ko rashin lafiya ake a gida. Na kira Anti ina kewaye-kewaye, ita ta fasa min ƙwan ba tare da ta san ta yi ba. Ta ce bawan Allah bai san komai ba game da shirin su Umma, Yaya ce masa ya yi ana neman mutum na huɗu, har sai da aka yi ta lallashinsa don yana tsoron ya ɓata mana wasa da bakinsa. Na ajiye wayar na shiga banɗakin ofis na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo ina ba mutane haƙuri.

Ranar Laraba na ɗauki tsohon tabarau ɗin Umma na karya masa hannu da kaina, na tafi shagonsu. Yana bayan kanta cikin farar rigar aiki, madubai ta ko'ina, duk inda na juya fuskar mai laifi nake gani. Ya gaishe ni da girmamawa, ya karɓa, ya sa ɗan sukundireba ya ɗaura wani hannun, ya goge, ya miƙo min da hannu biyu. Na tsaya ina jujjuya jaka. Na ce ya aiki, ya ce alhamdulillahi. Na ce Asabar fa. Ya nuna min da kai cewa akwai mai jira a bayana. Na fito da tabarau a hannu da maganata a ciki.

Washegari ina hutun cin abinci saƙon ya shigo.

"Auta, aikina ke nan, kallon abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ga inda kika fara sa yatsa, na ga inda kika mayar da shi. Ban ji haushin Tsoho ba, roba ne. Na gane dai kina son in tashi daga wurin, kuma ba ki samu yadda za ki faɗa ba. Ni na fi kowa sanin yadda wannan yake. Ba zan bari a matsa miki saboda ni ba. Gobe da yamma zan zo wurin Baba, da bakina zan faɗa masa, ko zai kai ni dare."

Na karanta har haruffan suka daina shiga idona. Na rubuta ba haka ba ne, na goge, don haka ne. Na rubuta ka yafe min, na goge. Na rubuta ina sonka, na goge wannan ma. Ni da bakina lafiya lau, na kasa tura kalma ɗaya. Na kira shi da na tashi aiki, ta yi ta ringi bai ɗauka ba, kuma na san dalili, waya ita ce abin da ya fi tsana a duniya.

Yau ɗin ce goben. Na dawo daga aiki da wuri, na tarar da takalmansa a ƙofar falon Baba, a jere, a goge. Umma ta ɗora min tiren shayi tana ta fara'a, a zatonta maganar alheri ce ta kawo shi. Gwaggo har ta canza ɗankwali. Na tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu. Ta tsakanin labule ina hango shi a ƙasa kan kafet, ya tanƙwashe ƙafa, Baba na kan kujera ya ajiye jarida.

"Baba, na zo ne in ce na... na j... j..."

Baba mutum ne mai haƙuri, yana jira ya ƙarasa. Ni kuwa na san kalmar, kuma na san in ta fita ta fita. Ban san lokacin da na ture labulen ba. Na dire tiren har shayi ya fantsama, na durƙusa, na ce Baba ka yi haƙuri, kafin ya ƙarasa ni ke da magana. Na juya gare shi, a gaban mahaifina, kunya ta gudu ta bar ni.

"Da gangan na ƙone ka. Haushin su Umma na huce a kanka, ba naka ba. Ba na son ka tashi daga ko'ina. Don Allah kar ka faɗa."

Baba ya dube ni, ya dube shi daga sama har ƙasa yana neman inda ya ƙone. Na ji Gwaggo ta ja numfashi a bayan labule.

Mai Tabarau ya ɗago hannu a hankali, ba da faɗa ba. Idonsa ya yi ja. Ya dube ni sosai, da fuskarsa ta gaskiya, da muryarsa ta gaskiya.

"Auta. Ki ba... bari in g... gama. Kowa ƙa... ƙarasa min yake."

Ashe na sake yi, na sake shiga gabansa na ƙwace masa magana. Na sunkuyar da kai, na haɗa hannuwana a cinya, na ga shayin da ya zube yana bin gefen tire yana ɗiga kan kafet, ban isa in motsa in goge ba. Ya juya ga Baba, ya ja numfashi, ya koma farkon maganar.

"Baba, na zo ne in ce na..."

Na rufe bakina, ina jira.